Lakar Da Ta Ƙi Wankuwa

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, masu cigiya da masu faɗa duka. Kwana tara ban ɗora komai ba. Lahadin da ta wuce Herlinda ta cika shekara guda a ƙasa, na je na kai mata furanni, da na dawo hannuna ya ƙi riƙe waya. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna juya laka kafaɗa da kafaɗa. Abin da ke cikin wannan shafin rabi na ji ta bakin ƙofa, rabi ita ta ba ni da bakinta. Ga shi yadda na riƙe shi.

*

Mako uku ke nan da aka cire Herlinda daga ɗakin laka aka tura ta ɗakin wanki. Matar da ta yi shekara goma sha tara da shebur a hannu a gidan wankan laka na Tillery, wadda baƙi ke tambayarta da suna tun daga bakin ƙofa, ita ce yanzu ke ninke tawul daga safe har la'asar, inji na ruri a kunnenta.

Laifinta ɗaya ne. A gidan akwai dokar da ake karanta wa ma'aikaciya tun ranar farko, tun kafin a nuna mata inda ake ajiye sabulu: ba a magana a kan jikin baƙuwa. Ƙiba ce, rama ce, tabo ne, zane ne, ido ya gani baki ya yi shiru. Wadda ta tuɓe a gabanki amana ta ba ki. Herlinda da kanta ta koya wa sababbi wannan doka, ta fi sau talatin.

Ita ce kuma ta karya ta.

Ranar, wata baƙuwa mai suna Misis Hollis ta fito daga bahon laka, Herlinda na wanke mata baya da tiyo. Laka ta tafi duka, sai ɗigo ɗaya a ƙasan kafaɗar hagu. Ta sa yatsa ta goge, bai fita ba. Ta sa bakin tawul ta ƙara, yana nan. A na uku ne hannunta ya tsaya cak, don ta gane ba laka ba ce.

Ta ce wa matar ta je ta ga likita a makon nan. Matar ta yi dariya ta ce tawadar Allah ce, ta san da zamanta. Da Herlinda ta tsaya nan da maganar ta mutu. Amma sai ta bi ta har ɗakin hutawa, inda mata huɗu ke kwance da yankan kokwamba a idanu, ta kama mata wuyan hannu ta sake faɗa, da ƙarfi. Misis Hollis ta fizge hannunta, ta sa kaya, ta fice ko tausar da ta yi saura ba ta tsaya ba.

Sai bayan ta tafi aka san ko wace ce. Ita ke rubuta shafin nan na labarai da shawarwarin gyaran jiki, wanda masu gidajen tausa daga nan har Kanada ke buɗewa kowace Litinin kafin su sha kofi. Zuwa ta yi don ta yi rubutu a kan gidan.

Litinin uku suka wuce ba a ga komai ba. Mis Darlene, mai gidan, har wuyanta ya zurma don jira.

Safiyar Alhamis, wajen ƙarfe goma, Chayo, abokiyar aikinta, ta shigo ɗakin wanki da laka har gwiwar hannu. Comadre suke kiran juna tun ranar da Chayo ta riƙe wa Herlinda 'yarta ta fari a coci.

"Comadre, ta dawo."

Herlinda ba ta tambayi ko wace ce ba. Ta ƙarasa ninke tawul ɗin da ke hannunta.

"Tana ofis. Fuskar nan kamar an aiko ta daga kotu. Mis Darlene ta ce ki zo yanzu, ki kuma wanke hannu."

"Mako uku ina cikin sabulu. Wane wankin hannu kuma ya rage?"

Chayo ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ta roƙe ta ta yi haƙuri ta ce duk abin da aka ce ta ce. Ta tuna mata shekarunta hamsin da takwas, gwiwarta ba ta da kyau, ba wani gidan da zai ɗauki tsohuwa in wannan matar ta rubuta sunanta. Herlinda ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta buɗe akwatinta na bango, ta ɗauki kwanon abincinta da ɗan hoton mijinta da ke manne a murfi, ta cire makullin ɗakin laka daga zaren wuyanta ta riƙe a hannu.

Hanyar ofis ta cikin ɗakin laka take bi. Warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da ruwan ƙasa ke tasowa da shi ya buge ta, ta ji kamar ta shiga gidansu. Sabuwar da aka sa a gurbinta na ta shafa saman laka da shebur kamar mai gyara fuskar kek.

"Har ƙasa," in ji Herlinda ba tare da ta tsaya ba. "Zafin a gindi yake kwanciya. Za ki dafa wa mutane ɗuwawu."

Mis Darlene na tsaye a bakin ofis da takarda a hannu. Ta tare ta, ta yi ƙasa da murya. Ta ce ta san Herlinda tun ita Darlene tana yarinya tana bin mahaifinta cikin gidan nan, ba ta son abin ya kai ga rabuwa. Ga takarda ta rubuta mata. In ta sa hannu a gaban baƙuwar, gobe ta koma kan sheburinta. In ta ƙi, to yau ce ranarta ta ƙarshe, ba yadda za ta yi, gidan nan mutum ashirin da biyu ke ci a cikinsa.

Karatun Turanci ba ya yi wa Herlinda sauri, don haka Mis Darlene ta karanta mata. Layi biyu ne. Na farko, ta kunyata baƙuwa a gaban mutane kuma ta taɓa ta ba da izini ba. Na biyu, abin da ta faɗa ba shi da tushe, bai kamata ta faɗa ba, ba kuma za ta sake ba.

"Kin gane?"

"Na gane."

"To ki taimake ni, Herlinda."

Suka shiga.

Misis Hollis na zaune a kujerar baƙi, siririya, gashinta fari an yanke shi daidai kunne, da ƙaramar rigar sama a kafaɗa duk da zafin da ake yi. Herlinda ta lura da abu ɗaya. Matar ba ta jingina ba. A bakin kujera ta zauna, bayanta bai taɓa komai ba.

Mis Darlene ta fara zuba ban haƙuri. Ta ce shekara sittin gidan nan bai taɓa ganin irin wannan ba, an hukunta ma'aikaciyar, ga ta kuma ta zo da kanta ta janye maganarta. Ta shimfiɗa takardar a tebur, ta ɗora biro a kai.

Herlinda ta dubi biron, ba ta ɗauka ba.

"Na sama zan sa wa hannu," ta ce. "Misis, na kunyata ki a gaban mutane. Na kama miki hannu kamar 'yata. Wannan ban kyauta ba, ki yafe ni."

"Na ƙasan fa?" in ji Misis Hollis.

"Na ƙasan ƙarya ne."

"Herlinda," in ji Mis Darlene a hankali.

"In kika sake shiga bahona gobe na ga abin nan, zan sake faɗa. Sai dai wannan karon zan rufe ƙofa tukuna."

Ta ajiye makullin ɗakin laka a kan takardar. Ƙararsa kaɗan ce, amma matan da suka taru a bayan ƙofa duk sun ji ta.

Misis Hollis ta dube ta. Sannan ta tambaye ta wace makaranta ta yi.

"Aji huɗu. A ƙauyenmu, a Michoacán."

"Kin taɓa aiki a asibiti?"

"Na taɓa kwana a asibiti. Wata bakwai, a kan kujera."

"To a ina kika san abin da kika gani?"

Herlinda ta gyara tsayuwa. Shekara shida tana riƙe da maganar nan, ko limamin cocinsu ba ta gaya wa ba. Kowa a gidan ya san mijinta Casimiro ciwon huhu ne ya kashe shi. Haka ta gaya wa Chayo, haka ta gaya wa 'ya'yanta uku, haka aka faɗa a wurin jana'iza. Ta dubi kwanon abincinta, inda ta ɗora ɗan hoton.

Sai ta fara, muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai lissafa kayan wanki.

Ta ce Casimiro shekara ashirin da shida ya yi yana sassabe a gonakin inabi, in zafi ya yi ya tuɓe riga ya ɗaura a kai. Kullum ya dawo, bayan ya ci wake da tortiya, wainar masararsu, sai ya kwanta rub da ciki a kan tabarmar falo ta taka masa baya, ta murza masa kafaɗu. A nan ta fara ganinsa. Ɗan baƙin ɗigo, gefensa ba a zagaye ba, rabi baƙi rabi ja-ja, kamar an murƙushe ƙuda a bango. Ta yanko ganyen alobera daga tukunyar bakin ƙofa ta shafa masa. Da ya ƙara faɗi ta koma man zaitun. Da ya ce yana masa ƙaiƙayi, ita ce mai sosa masa, har yana cewa hannunta ya fi na likita.

"Shekara biyu," ta ce. "Kullum da hannun nan."

Sai ranar da ta ga jini a bayan rigarsa suka je asibiti. Likita ya tambaye shi tun yaushe abin yake. Casimiro ya yi dariya ya ce ina zai sani, shi da ba ya ganin bayansa.

"Sai likitan ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba. Me zai ce? Duk duniya ni kaɗai ce ke ganin bayan mutumin nan."

A lokacin ciwon dajin ya riga ya kai huhu. Don haka da ta ce huhu ne, ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Ta dai yanke farkon labarin ta ɓoye.

"Naki ƙanin nasa ne, Misis. Har gefen iri ɗaya. Na yi shiru sau ɗaya na binne miji. A kore ni, zan je in wanke kwanuka. Amma ba zan sa hannu a ce ban gani ba."

Ƙarar famfon ruwan zafi na tasowa daga ƙarƙashin ƙasa. 

Misis Hollis ta miƙe a hankali, tana dafa tebur.

"Bari in gaya miki abin da na yi da na bar nan," ta ce. "Ban je wurin likita don na yarda da ke ba. Na riga na gama rubutuna a kanki. Sunanki na ciki, sunan gidan nan na ciki. Layi ɗaya nake nema daga bakin likita, cewa ba komai ba ne, in liƙa a ƙarshe in gama da ke."

Ta zame rigar saman daga kafaɗarta, ta juya musu baya. Ta cikin 'yar shimin da ke jikinta ana ganin farin bandeji, faɗin tafin hannu, daga ƙasan kafaɗa ya nufi hammata.

Ta ce likitan bai bar ta ta fita ba sai da ya yanki kaɗan. Bayan kwana huɗu aka kira ta a waya tana cikin kanti, ta zauna a ƙasa tsakanin kwalayen madara. Makon jiya aka yi mata aiki, aka cire shi da naman da ke kewaye, aka duba na hammata. Jiya da yamma sakamako ya fito. Bai kai ko'ina ba. Likitan ya ce da ta kai ƙarshen shekara, da wata maganar ake yi.

Herlinda ta nemi bango ta dafa.

"Bai kai ba?"

"Bai kai ba."

"Sun duba da kyau? Har hammatar?"

"Har hammatar, Doña Herlinda."

Tun da ta zo ƙasar nan ba wata baƙuwa da ta taɓa kiranta Doña, kiran girmamawa ga dattijuwa a yarensu. Ta sa bayan hannu ta goge hanci, ta ce to, to, shi ke nan, madalla. Ta sake cewa madalla. Ta zauna a kujerar Mis Darlene ba tare da ta san ta wa ce ba.

Misis Hollis ta mayar da rigarta. Ta ce akwai saura. Ita ma ba ta fi Herlinda ba. Shekara guda tana ɗaura auduga a bakin cokali tana diga wa wurin ruwan khal, don ita da kanta ta taɓa rubuta wa mutane cewa yana goge tabo. Ita kaɗai take zaune, ba mai ganin bayanta. Sannan ta juya ga Mis Darlene.

"Cikin shekara biyun nan na shiga gidan tausa arba'in da ɗaya. Na ƙirga su a gadon asibiti. Hannu nawa ke nan suka bi ta kan wurin? Sun shafa masa mai, sun ɗora masa dutse mai zafi, sun zagaye shi. Ba wadda ta ce uffan. Duk suna da ladabi. Duk suna da dokarki."

Mis Darlene ta ɗauke makullin daga kan takardar. Ta ninke takardar biyu, ta ninke huɗu, ta rasa inda za ta sa ta, ta jefa a kwandon shara. Ta miƙa wa Herlinda makullin da hannu biyu, ta ce ta koma ɗakinta yanzu, ba sai gobe ba.

Herlinda ba ta karɓa ba.

Ta ce dokar ba banza ba ce, ita ma ba ta son a riƙa yi wa mutane surutu a kan tumbinsu. Amma a ƙara mata wutsiya. Duk wadda ta ga abin da ya ƙi wankuwa, ta faɗa. A hankali, daga ita sai baƙuwar, ƙofa a rufe. Ba sai ta ce ciwo kaza ne ba, mu ba likitoci ba ne. Ta ce kawai, a je a duba. Kuma a rubuta a liƙa a bango, da Turanci da yarensu, don kada wata ta sake zaman ɗakin wanki a kan wannan.

"Yau za a liƙa," in ji Mis Darlene.

Sannan Herlinda ta karɓi makullin.

Misis Hollis ta ce za ta rubuta labarin duka ranar Litinin, har da khal ɗinta, tana kuma son hoton Herlinda a sama.

"Da wannan rigar wankin? A'a. Ki sa sunan Casimiro. Casimiro Zamudio, mai sassaben inabi." Ta juya makullin a hannu. "Amma ki bar ni zuwa Lahadi. 'Ya'yana za su zo cin abinci. Gara su ji a bakina."

Da aka buɗe ƙofa saura kaɗan mata shida su zubo cikin ofis. Masu tausa, masu gyaran fuska, har mai goge daɓe. Suka yi ta tafi suna rangaɗa guɗa irin tasu, wata baƙuwa ta leƙo daga ɗakin tururi da tawul a kai tana tambaya ko gobara ce.

Chayo kaɗai ba ta tafa ba. Tana tsaye da sheburin Herlinda a hannu, hawaye sun yi hanya cikin lakar da ke kumatunta.

"Comadre, ni na ce ki shafa masa man zaitun."

"Ke kika ce, ni na shafa. Shi kuma ya ce hannuna ya fi na likita. Mu uku ne jakunan." Ta karɓi sheburin, ta duba bakinsa. "Wa ya bar shi ya kwana da laka? Mako uku kawai na yi, kun mayar da gida kango."

Chayo ta fashe da dariya tana kuka, ta ce ga ta nan, tsohuwar masifa ta dawo, su da suka samu hutu.

Herlinda ta saɓa shebur a kafaɗa kamar soja. Misis Hollis ta wuce ta gabansu ta fita, matan suka dare mata hanya, wata ta buɗe mata ƙofar waje. Herlinda ta kai tsakiyar baranda, warin laka har ya fara tarbarta, sai ta ji an kira sunanta.

Mis Darlene ce, a bakin ofis. Ta ce ta dawo minti ɗaya, ita kaɗai.

Da ta shiga, Mis Darlene ta rufe ƙofa, ta murɗa makulli. Ba ta zauna ba. Ta juya wa Herlinda baya, ta fara ɓalle maɓallan rigarta, na ukun sai da ta gwada sau biyu.

"Wata takwas ke nan ina jin sa da yatsa," ta ce. "Ban gaya wa kowa ba."

Herlinda ta jingina shebur a bango. Ta goge hannu a gaban rigarta, ta ciro tabarau daga aljihu ta saka.

"Matso wajen taga."

Ta matsa. Rigar ta sauka zuwa ƙugu.

Herlinda ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba. Sannan ta ɗago, ta ja rigar ta rufe mata kafaɗu kamar yadda ake rufe yaro.

"Mis Darlene, ina makullin motarki? Asibiti za mu."